Bakinmu da Halinmu a Wurin Aiki

'Yan'uwa cikin Kristi, yawancinmu a Jega da Aliero da Maiyama baƙi ne, aiki ko karatu ya kawo mu. Wasunmu suna asibiti, wasu suna koyarwa, wasu suna jami'ar jiha da aka kafa a Aliero a 2006. In hira ta yi daɗi a ofis, sai maganar mata da maza ta taso, a juyo a tambaye mu ko addininmu ya hana zina.

Kada mu yi mamaki. Abokan aikinmu, yawancinsu Musulmi, sun yarda zina zunubi ce, jiharmu ma ta ɗauki shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Amma da yawa suna ganin finafinan Amurka da shigar Turawa, sai su ɗauka koyarwar ikilisiya ke nan. Wannan zato yakan sauka a kan 'ya'yanmu mata, har a riƙa yi musu kallon masu araha. Saboda haka shiru ba namu ba ne.

Sai dai kada mu rama gayya. Wasu cikinmu sukan mayar da martani da gorin auren mata huɗu ko yawan saki. Wannan ba ya jawo kowa ga Ubangiji, gaba kawai yake haifarwa. Magana zarar bunu ce. Kisan Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayu 2022 ya nuna mana yadda magana kan addini take iya jawo asarar rai. A 1 Bitrus 3:15 an umarce mu mu ba da amsa, amma da tawali'u da ladabi.

To, me za mu faɗa? Mu fara da Yusufu da matar maigidansa a Farawa 39, labarin da su ma sun sani a Alƙur'ani. Ya gudu ya bar rigarsa, ya sha kurkuku saboda tsoron Allah. Daga nan mu bayyana koyarwar Yesu a Matiyu 5:27-28, cewa kallon sha'awa ma zina ce a zuci. Wannan ma'auni ya kama mu duka, shi ya sa muke bukatar Mai Ceto, ba mu da abin fahariya.

Dattawa, laifi tudu ne. Mai bi da yake dariyar zancen batsa, ko yake ajiye hotunan tsiraici a waya, ko ya bar matarsa a Zuru ya ajiye wata a nan, ya riga ya rufe bakinmu duka. Bari a koyar da wannan a fili a zumuntar matasa da ta mata da ta maza, a kuma yi horo cikin ƙauna ba tare da duban fuska ba. Abokan aikinmu ba za su shiga majami'a su ji wa'azi ba, halinmu suke karantawa kowace safiya.

Ubangiji ya tsare bakinmu da zuciyarmu. Amin.