Haƙori ba sai ya kumbura ba: kira ga matan Unguwar Sanusi



Wace ce a cikinmu ba ta taɓa kwana zaune da ciwon haƙori ba, ko nata ko na ɗanta? Mun san yadda ake yi: a cusa kanumfari, a kurkure da ruwan gishiri, a aika kemis a sayo ƙwaya. Zogi ya lafa, sai mu ce an samu sauƙi. Alhali ramin yana nan, yana ƙara zurfi. Sai kunci ya kumbura sannan a nufi asibiti, likita ya duba ya ce sai cirewa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, wannan jinkirin ne ke raba mu da haƙoranmu. Ƙaramin rami ciko ake yi masa, a ci gaba da tauna da shi shekaru. In dattin da ya daskare ne ke sa dasashi jini da warin baki, wankin haƙori ake yi a asibiti. Ko ramin ya kai jijiya, sau da yawa ana iya cire jijiyar, a wanke, a cike, a bar haƙorin a wurinsa. Cirewa ita ce ta ƙarshe, kuma haƙorin roba ba zai taɓa kai na Allah ba.

Don Allah, 'yan uwa, a guji masu yawo suna cewa za su fitar da tsutsa daga haƙori. Babu tsutsa a ciki. Ƙwayoyin cuta ne ke samun sukari a baki, su mai da shi tsami mai cin haƙori. Shi ya sa alawa, biskit da lemon kwalba da muke lallashin yara da su suke da illa, haka ma fida mai zaƙi da ake barin jariri ya kwana da ita a baki. Kar kuma mu ce ai haƙoran yaro za su faɗi. Turamen farko na dindindin suna fitowa ne wajen shekara 6, a bayan na yarinta, kuma in suka lalace babu wasu a madadinsu.

Abin yi a gida kaɗan ne: buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare, na daren ya fi muhimmanci. A sauya buroshi duk wata 3, kowa da nasa. Asuwaki sunna ne, a riƙe shi. Mai juna biyu da dasashinta ke jini ta faɗa a wajen awo. Yaron da ya tashi daga ƙyanda ko yake fama da tamowa, in aka ga gyambo a dasashinsa da wari, a kai shi asibiti a ranar. Da haka cutar noma mai cin fuska take farawa, wadda akwai asibiti guda dominta a Sakkwato, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023.

Saura namu na siyasa. Mu ne muke bin gida-gida lokacin kamfen, mu ne muke cika layi ranar zaɓe. To, a taron mazaɓa mai zuwa mu tambayi kansila da ɗan majalisarmu: yaushe za a riƙa kawo ma'aikacin haƙori asibitin unguwa, ko da sau ɗaya a wata, ya leƙa makarantun firamare da Islamiyyu? Mu tambayi hukumar KADCHMA wane aikin haƙori inshorarta take biya. Ranar 20 ga Maris ce ranar lafiyar baki ta duniya. Muna son ta same mu da amsa a hannu.

Yau da daddare, kafin yara su kwanta, kowace uwa ta haska bakinsu da fitilar waya. In kin ga baƙin ɗigo ko rami, kar ki jira kuka.

Allah Ya ba mu lafiya da zuri'armu. A tura wa sauran 'yan uwa.

Reshen Mata, Unguwar Sanusi