Sharhi: Mudu Biyu a Ɗakunan Labaran Amurka

Yau za mu leƙa Amurka, inda masu ra'ayin mazan jiya suka daɗe suna kuka da manyan kafofin yaɗa labaran ƙasar, suna cewa ba a yi musu adalci duk lokacin da abin kunya ya ɓulla a fagen siyasa. Wannan kuka yana da tushe, sai dai ya kamata a faɗe shi daidai. Galibin 'yan jaridar nan ba ƙarya suke ƙirƙira ba. Laifinsu shi ne awo da mudu biyu, irin na ɗan kasuwar da ke saye da babban mudu ya sayar da ƙarami. Idan zargi ya faɗa kan ɗan jam'iyyar Republican, jita-jita ma ta isa a buga, a ce tabbaci ya biyo baya. Idan kuwa ya faɗa kan ɗan Democrat, sai a nemi hujjar da ko alƙali bai kai ga nema ba kafin a yarda a ambaci maganar.

Mu fara da abin da ya faru ranar 14 ga Oktoban 2020, saura ƙasa da mako uku a yi zaɓen shugaban ƙasa. Jaridar New York Post ta buga wasu saƙonnin imel da ta ce an samo su daga wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta Hunter Biden, ɗan Joe Biden mai takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat, wadda aka bari a wani shagon gyara a garin Wilmington na jihar Delaware a shekarar 2019. Hunter ya shiga hukumar gudanarwar Burisma, wani kamfanin iskar gas na Yukren, a 2014, lokacin da mahaifinsa ke mataimakin shugaban ƙasa kuma yake riƙe da harkokin Yukren a gwamnatin Obama. Cikin saƙonnin akwai wanda wani mashawarcin kamfanin ke gode wa Hunter saboda damar ganawa da mahaifinsa. Tambayar da ke nan a fili take: shin ɗan yana cin kasuwa da sunan ubansa ne, kuma uban ya sani? Kafin rana ta faɗi, kamfanin Twitter ya toshe labarin. Wanda ya yi ƙoƙarin tura shi, ko da a saƙon sirri ne zuwa ga abokinsa, sai ya ga an hana shi. Shafin jaridar kanta aka rufe shi sama da mako biyu, Facebook kuma ya rage yaɗuwar labarin. Bayan kwana biyar, tsofaffin jami'an leƙen asiri 51 suka sa hannu a wata wasiƙa suna cewa al'amarin yana da dukkan alamun aikin Rasha. A cikin wasiƙar sun amsa da kansu cewa ba su da hujjar hakan, amma kanun labarai suka ɗauki zargin suka bar wannan ikirari a ƙasa. A muhawarar 22 ga Oktoba, Joe Biden ya kafa hujja da wasiƙar a gaban miliyoyin masu kallo, wani babban editan gidan rediyon NPR kuma ya bayyana cewa ba za su ɓata lokacin masu sauraronsu a kan abin da bai kai labari ba.

Gaskiya ta yi halinta, amma a makare. A watan Maris na 2022, wata goma sha shida bayan zaɓe, New York Times ta ce ta tabbatar da sahihancin wasu daga cikin saƙonnin, Washington Post ma ta sa ƙwararru biyu suka tantance dubbai daga ciki. Ashe tun Disamban 2019 kwamfutar tana hannun hukumar FBI. A watan Yunin 2024, a wata kotun tarayya da ke Wilmington, inda ake shari'ar Hunter kan sayen bindiga alhali yana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, lauyoyin gwamnati suka fito da ita gaban masu taya alƙali yanke hukunci, wata jami'ar FBI ta duba lambar da ke jikinta ta shaida cewa ita ce. Abin da aka kira makircin Rasha ya zama shaidar gwamnatin Amurka a kotu. Shugaban Twitter na wancan lokaci, Jack Dorsey, ya amsa cewa toshe labarin kuskure ne, shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ma ya rubuta wa majalisa a watan Agustan 2024 cewa bai kamata su danne shi ba. Sai dai mai zaɓe da ya jefa ƙuri'arsa a Nuwamban 2020 babu abin da wannan nadama za ta ƙara masa.

Yanzu a ajiye wannan a gefe guda, a ɗauko kundin Steele. Christopher Steele tsohon jami'in leƙen asirin Birtaniya ne wanda ya tattara zarge-zarge masu muni kan Donald Trump da Rasha. Ranar 10 ga Janairun 2017, kwana goma kafin rantsar da Trump, kafar BuzzFeed ta buga kundin gaba ɗayansa, shafi 35, tana mai cewa ita ma ba ta tabbatar da abin da ke ciki ba. Babu wanda ya rufe mata shafi. Daga nan gidajen talabijin suka shafe kusan shekara biyu suna tattauna shi dare da rana. A watan Oktoban 2017 ya fito fili cewa kwamitin yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton da uwar jam'iyyar Democrat ne suka biya kuɗin aikin, ta hannun wani ofishin lauyoyi da kamfanin bincike na Fusion GPS. Babban wanda Steele ya dogara da shi ya shaida wa FBI cewa yawancin abin da ya ba shi jita-jita ce. Rahoton mai bincike na musamman Robert Mueller na 2019 ya tabbatar Rasha ta yi katsalandan a zaɓen 2016, amma bai samu isasshiyar hujjar haɗin baki tsakaninta da kwamitin yaƙin neman zaɓen Trump ba. Sufeto janar na ma'aikatar shari'a, Michael Horowitz, ya ƙirga manyan kurakurai 17 a takardun da FBI ta kai kotu don neman izinin sa ido kan Carter Page, tsohon mashawarcin Trump, takardun da suka jingina da wannan kundi. Sai a Nuwamban 2021 Washington Post ta gyara tare da cire sassa daga labaranta biyu. To ga takardu iri biyu, dukansu sun fito ta hannun abokan hamayya, dukansu ba a tantance su ba ranar da suka ɓulla. Wanda ya shafi Trump aka buɗe masa ƙofa, daga baya ya rushe. Wanda ya shafi Biden aka rufe masa ƙofa, daga baya ya tabbata.

Me ke jawo haka? Wasu 'yan mazan jiya suna ganin shiri ne da ake ƙullawa a ɓoye, amma ba a buƙatar wani taron dare kafin a samu irin wannan sakamako. Ya isa a tara mutane masu tunani iri ɗaya a ɗaki ɗaya. Wani dogon bincike da malaman jami'a ke yi kan 'yan jaridar Amurka ya nuna cewa a 1971 kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu 'yan Republican ne. A 2022 adadin ya faɗo ƙasa da kashi 4 cikin 100, 'yan Democrat kuwa sun kai kashi 36, sauran galibi suna cewa ba su da jam'iyya. A watan Afrilun 2024, Uri Berliner, editan da ya yi shekara 25 a NPR kuma ba ɗan mazan jiya ba, ya rubuta cewa ya duba rajistar zaɓe ta ma'aikatan sashen labarai a ofishinsu na Washington, ya samu 'yan Democrat 87, bai samu ɗan Republican ko ɗaya ba. Aka dakatar da shi, daga bisani ya ajiye aiki. A irin wannan ɗaki, zargin da ya dace da abin da kowa ya riga ya yarda da shi yakan wuce ba tare da tambaya ba, wanda ya saɓa kuwa kowa yana da dalilin shakkarsa. Ɗan jaridar na iya rantsuwa cewa tsakani da Allah yake aiki, kuma ya yi gaskiya, domin babu wani a kusa da shi da zai nuna masa inda ya karkata.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci a saurare su. Ta farko ita ce taka-tsantsan ya zama dole a 2020, tunda Rasha ta saci saƙonnin 'yan Democrat ta watsa a 2016, kuma wanda ya kai wa New York Post bayanan shi ne Rudy Giuliani, lauyan Trump. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a buga abu ba bincike. Amma shakka dalili ce ta tashi a bincika. Akwai sunayen mutanen da aka tura wa saƙonnin, ana iya kiransu a waya. Akwai Tony Bobulinski, tsohon abokin kasuwancin Hunter, wanda ya fito bainar jama'a a makon ya ce saƙonnin da suka shafe shi na gaske ne. Binciken da aka yi a 2022 da an so da an fara shi a 2020. Kuma idan fitowar takarda daga hannun abokin hamayya ta isa a yi watsi da ita, da kundin Steele bai ga hasken rana ba. Haka nan masu cewa kwamfutar ba ta tabbatar Joe Biden ya aikata laifi ba sun yi daidai, domin binciken da 'yan Republican suka yi a majalisar wakilai bai kai ga tsige shi ba. Sai dai auna nauyin labarin haƙƙin mai zaɓe ne, aikin ɗan jarida shi ne ya kai masa shi.

Hujja ta biyu ita ce ɓangaren mazan jiya ma yana da nasa kafofin, kuma ba su fi tsarki ba. Wannan ma babu musu. A watan Afrilun 2023 gidan talabijin na Fox News ya amince ya biya kamfanin na'urorin zaɓe na Dominion dala miliyan 787.5 saboda yaɗa zargin maguɗi marar tushe, kuma takardun shari'ar sun nuna wasu manyan ma'aikatansa ba su yarda da abin da ake faɗa a tasharsu ba. Duk mai kishin gaskiya dole ya yi tir da wannan, ɗan mazan jiya ma ya fi kowa cancantar yin haka. Amma laifin wani ba ya wanke na wani. Bugu da ƙari, kowa ya san inda Fox ta dosa, alhali New York Times da NPR da manyan gidajen talabijin suna gabatar da kansu a matsayin alƙalan da ba su da ɓangare. Su kuma kafofin ƙasashen waje suke kwafa, har labarin ya iso kunnuwanmu a nan da harshenmu. Wanda ya karɓi wannan matsayi, nauyin da ke kansa ya fi na ɗan kanzagi.

Hujja ta uku ita ce waɗannan jaridu sun sha fallasa 'yan Democrat. New York Times ce ta fara bankaɗo batun imel ɗin Hillary Clinton a 2015, kuma rahotannin jaridu sun taimaka wajen saukar gwamnan New York, Andrew Cuomo, a 2021. Hakan ya nuna ƙwarewar tana nan idan an ga dama. Amma kujerar Cuomo 'yar jam'iyyarsa ce ta gaje ta, kuma darasin da 'yan jarida da yawa suka ɗauka daga 2016 shi ne sun yi wa Clinton yawa har suka taimaki Trump, don haka kada a kuma. Inda ake gane gaskiyar mai awo shi ne lokacin da labarin zai iya kayar da wanda yake so. An sake ganin haka a 2024. Lokacin da mai bincike na musamman Robert Hur ya yi maganar raunin ƙwaƙwalwar Shugaba Biden a watan Fabrairu, da lokacin da Wall Street Journal ta buga rahoto kan haka a farkon Yuni, masu sharhi da dama sun fi mayar da hankali kan sukar masu faɗa fiye da bincikar abin da aka faɗa. Sai da muhawarar 27 ga Yuni ta nuna wa duniya halin da yake ciki, sannan aka fara tambayoyin da suka kamata tun da daɗewa, kuma ranar 21 ga Yuli ya janye daga takara. 'Yan Democrat kansu ne suka fi kowa asara da wannan rufa-rufa, domin ta hana su zaɓen fid da gwani na gaske.

Sakamakon duk wannan ya bayyana a ƙididdigar cibiyar Gallup. A 1976, kashi 72 cikin 100 na Amurkawa sun ce sun amince da kafofin yaɗa labarai. A 2024 adadin ya koma 31, a tsakanin 'yan Republican kuwa 12 kacal. Wannan ba abin murna ba ne ga kowa, har da masu ra'ayin mazan jiya, waɗanda aƙidarsu ta ginu kan kare cibiyoyin da al'umma ta gada. Idan rabin ƙasa ta daina yarda da jarida, ranar da za a fallasa ainihin ɓarnar wani shugaba na ɓangarensu ba za su saurara ba, sai su koma ga duk wanda ya faɗa musu abin da suke son ji. Azzalumin shugaba, na kowace jam'iyya, babu abin da yake so kamar haka.

Gyaran ba ya hannun gwamnati, domin gwamnatin da aka bai wa ikon daidaita jarida za ta daidaita ta ne da buƙatarta. Yana hannun masu sana'ar. Edita ya rubuta ƙa'idarsa ta buga takardun da ba a tantance ba tun kafin ya san wa za su shafa, ya kuma tsaya a kanta. Kafin a buga ko a danne wani zargi, a tambayi kai: da sunan ɗan ɗaya jam'iyyar ne a jiki, haka za mu yi? A ɗauki ma'aikata daga ƙauyuka da majami'u da barikin soja da jihohin tsakiyar ƙasar, yadda za a samu mai cewa a dakata. Idan an yi kuskure a shafin farko, a yi gyaran a shafin farko, da wuri, tun yana da amfani. Mu kuma masu sauraro, duk lokacin da muka ji an ce wani labari bai cancanci a kula shi ba, mu tambaya wa ya bincika, me ya gano, kuma wa zai amfana idan aka yi shiru. Ɗan jaridar da ya iya amsa waɗannan tambayoyi ya cancanci a amince da shi, ko wace jam'iyya yake zaɓa.