Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Tawa Kan Gyaran Yau Da Kullum A Ma'aikatun Madawa, Buza Da Keita

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Tawa,



Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne jawo hankalin Mai Girma Gwamna zuwa ga wani giɓi da ya daɗe cikin tafiyar da ayyukan hukuma a gundumomin Madawa, Buza da Keita. Ƙasar Adar da kwarin Majiya da na Tarka sun ga manyan ayyukan raya karkara waɗanda ƙalilan ne daga yankunan Sahel suka ga irinsu, kuma jama'arsu sun nuna cewa ba sa gudun ɗaukar dutse ko haƙar rami, amma abin da ayyukan ba su bari a ma'aikatu ba shi ne ɗabi'ar bin aiki kullum ana gyara masa ƙananan kurakurai kafin su girma. Wannan ɗabi'a tana da ilimi da ƙa'idoji, kuma Gwamna yana da ikon da zai dasa ta ba tare da jiran tallafin kowa ba.

Masana harkar gudanarwa suna kiran wannan ilimi tsarin aiki maras ɓarna, wato tsarin da ake duba kowane mataki na aiki a tambaya ko yana ƙara wani amfani ga wanda ake yi wa aikin, idan ba ya ƙarawa a cire shi ko a rage shi. Tushensa kamfanin motoci na Toyota ne a Japan bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ƙasar ba ta da jari ko kayan aikin da za ta yi gogayya da masana'antun Amurka, sai injiniya Taiichi Ohno ya mai da hankali kan asarar da ke ɓoye cikin aiki, ya kasa ta gida bakwai: yin abin da ya wuce buƙata, zaman jira, jigilar da ba ta da dalili, ƙarin aikin da ba wanda ya nema, tara kaya, kai-komon ma'aikaci, da aikin da ya ɓaci sai an sake shi. Duniya ta san tsarin sosai ne bayan 1990, shekarar da masu bincike na jami'ar MIT suka fitar da littafi a kansa. Abokin tafiyarsa shi ne abin da Japanawa ke kira kaizan, ma'ana gyara kaɗan-kaɗan da ba ya yankewa, wanda masu yin aikin da hannunsu ke kawowa, kuma yana bin zagaye mai hawa huɗu da aka fi jingina wa Edwards Deming, Ba'amurken da ya koyar a Japan tun 1950: a tsara gyaran, a gwada shi a ƙaramin wuri, a auna abin da ya haifar, sannan a tabbatar da shi ko a sake lale.

Ba duk abin da ya dace da masana'antar motoci ne ya dace da ƙasar Adar ba, kuma ya kamata a faɗi haka tun da wuri. Toyota ta shahara da ƙin ajiye kaya, domin masu kawo mata ƙarfe da tayoyi suna kusa da ita bisa hanya mai kwalta, alhali gidan likita da ke bayan ƙorama a ƙasar Buza ko Garhanga yana iya yankewa daga gari da zarar ruwan Agusta ya sauka, daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Rage ajiyar magani a irin wannan wuri ganganci ne. Abin ɗauka shi ne idon da ke gane asara da kuma girmama sanin ƙaramin ma'aikaci.

Aikin Keita shi ne madubin da ya fi dacewa a duba. An soma shi a 1984, shekarar babban fari, da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tana gudanarwa, takwararta ta agajin abinci, wato PAM, kuma tana biyan ma'aikata da abinci, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa ƙasar Buza da Abalak. Cikin kusan shekaru ashirin an farfaɗo da sama da hekta 34,000 na ƙasar da ta zama faƙo, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an buɗe sama da kilomita 300 na hanyoyin karkara, an haƙa ɗaruruwan rijiyoyi, an gina madatsun ruwa da shingayen da ke rage gudun ƙorama su baza ruwanta a fadama. Mafi yawan masu aikin gandari, wato jera duwatsu da haƙar ramuka a jikin tuddai, mata ne, saboda maza suna tafiya cin rani bayan kaka. Wannan abin alfahari ne da ba mai musunsa. Sai dai aikin ya tsaya ne bisa manyan motoci da injiniyoyi da buhunan abinci, kuma tsarinsa na ginawa ne, ana auna nasararsa da yawan hektocin da aka gama a shekara. Alhali kowane ɗayan waɗannan gine-gine yana soma tsufa tun damanar farko: yashi da laka suna taruwa bayan madatsa suna cinye wurin ruwa, wayar da ke riƙe duwatsun shinge tana tsinkewa, ruwa yana zagaya gefen gini ya haƙa sabuwar hanya, kunyar dutse kuma idan ta ɓalle a wuri guda sai dukan ruwan tudu ya bi ta nan ya yanka kwazazzabo. Ɓarakar da mutum goma za su toshe da safiya guda a watan Afrilu ita ce wadda za ta nemi ɗan kwangila bayan damana biyu. Duk mai gidan ƙasa ya san haka, shi ya sa yake yaɓe kafin ruwa ya sauka, ba ya jira soro ya rufta.

Akwai misalai biyu a jihar nan da suka fi kusa da ruhin gyaran yau da kullum. A kwarin Majiya, tun 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa layukan dogon yaro bibbiyu, da tazarar mita ɗari tsakani, domin kare gonakin hatsi daga iska, kuma da itatuwan suka girma aka koma ga datse rassansu bi da bi, abin da ya ba mazauna kwarin itacen gini da na girki, ya kuma ba su dalilin tsare layukan itatuwan. Na biyu shi ne tassa, ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki. A 1989 wasu manoma na ƙasar Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda aka kyautata dabarar, suka dawo suka gwada a ƴan ƙananan filaye, maƙwabta suka ga hatsi ya tsaya a faƙo a shekarar ƙarancin ruwa, sai dabarar ta bazu daga gona zuwa gona har faƙon da aka yi watsi da shi ya sami masu saye. Manoman nan sun bi zagayen Deming daga farkonsa har ƙarshe da hauya a hannu.

Ma'aikatar lafiya ta jihar Tawa ma tana da tarihi a wannan fage wanda bai kamata a manta ba. A 1993 aka soma a nan shirin tabbatar da ingancin aikin lafiya da tallafin hukumar USAID, inda aka kafa ƙananan rukunoni na ma'aikata a gundumomi da gidajen likita, kowane rukuni ya zaɓi matsala guda da ke gabansa, kamar yaran da ba sa dawowa ƙarasa allurar rigakafi ko masu ciki da ba sa zuwa awo, ya bi diddigin sanadinta, ya gwada magani, ya auna da alƙaluman da ke cikin rajistarsa. An sauya kuma manufar rangadin manya, daga neman laifi zuwa koyarwa. Ilimin da ake biyan masana su kawo daga waje yau, ma'aikatan lafiya na jihar nan sun yi aiki da shi fiye da shekaru talatin da suka wuce.

Wuraren da asara ke ɓuya a bayyane suke ga wanda ya tsaya ya duba. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, kuma jinkirin mayar wa gidajen likita kuɗinsu sanannen abu ne. Wani ɓangare na jinkirin yana Yamai, amma wani yana cikin takardun da ake cikewa ba daidai ba a mayar da su, da waɗanda ke kwana bisa tebur suna jiran sa hannu, kuma wannan ɓangaren yana hannun jiha. Uwar da ta taso daga ƙauye da asuba ta yini a layi uku domin ganin likita na ɗan lokaci kaɗan ta yi asarar yinin noma. Albasar Tarka da ke ruɓewa cikin rudu, wato rumbun kara da ake adana ta har farashi ya tashi, sau da yawa tun a gona aka jawo mata ruɓar, ta hanyar yawan takin zamani, ko ban ruwa har dab da cira, ko zuba ta ba a tsince mai rauni ba, kuma malamin gona da ke zagayawa yana kwatanta rudu da rudu zai fi taron bita amfani.

Roƙon da ake yi wa Mai Girma Gwamna bai wuce ikon ofishinsa ba. Abu mafi gaggawa shi ne a umarci shugabannin gundumomin uku, tare da ma'aikatan gine-ginen karkara da na gandun daji da sarakunan gargajiya, su ƙirga kowace madatsa da kowane shinge da aka gada, a rubuta halin da yake ciki da sunan garin da ke da alhakinsa, sannan a mai da zagayen dubawa na watan Afrilu da Mayu ya zama farilla, da ɗan kaso na kuɗin gyara cikin kasafin kowace ƙaramar hukuma. Bayan haka kowace ma'aikata ta zaɓi matsala guda kawai a wata uku, ta rubuta ma'auninta a allon da jama'a ke gani, ko kwanakin da takardar haihuwa ke ɗauka ne ko ranakun da magani ya yanke. Shi kansa rangadin Gwamna zai fi amfani idan wani lokaci aka yi shi ba sanarwa, ba rumfa, ba jawabi, domin ƙa'idar Toyota ita ce shugaba ya je inda ake aikin ya gani da idonsa, ya maimaita tambayar dalili har sau biyar kafin ya ambaci sunan mai laifi.

Wannan na ƙarshe, wato neman dalili kafin neman mai laifi, shi ne mafi wuya, kuma a kansa komai ya rataya. A masana'antar Toyota akwai igiyar da kowane lebura ke da iznin ja domin tsayar da layin aiki idan ya ga aibi, alhali ƙaramin ma'aikaci a ma'aikatun ƙasar nan ya san cewa kai rahoton matsala yana iya jawo masa tuhuma ko canjin wurin aiki, saboda haka yake aika alƙaluman da za su faranta ran na sama. Muddin ana tsoron faɗin gaskiya, allo da taro da rajista duk za su zama ƙarin takardu, wato sabuwar ɓarna. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma daga bakin Gwamna ne ma'aikata ke buƙatar jin cewa wanda ya nuna ɓaraka ya cancanci yabo.

Tun bayan sauyin mulki na watan Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama sun janye ko sun rage hannu, hukumar USAID kuma an rufe ta a 2025, ga shi hukumomin ƙasa suna kira da a dogara da kai. Ana roƙon Mai Girma Gwamna ya ba da umarnin ƙirga gine-ginen Keita, Buza da Madawa da soma gyaransu kafin damana mai zuwa ta faɗi.