Zuwa Ga Malaman Allo Na Dutsin-Ma Da Kurfi



Tun da aka sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, makarantun boko a ƙauyukanmu suka riƙa rufewa suna buɗewa, wasu iyayen kuma suka janye 'ya'yansu ɗungurungum. Yaran nan yanzu zaurenku ne makarantarsu, sai gona da kasuwa. Ba su da takardar sakamako, don haka tambaya ɗaya uba yake zuwa da ita: "Malam, izu nawa ya yi?"

Ina roƙonku kada ku bar wannan tambaya ta zama ma'auninku. Kuna da wanda ya fi ta. A Kwalejin Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma sai ƙarshen zango ake babbar jarrabawa. Ku kuwa kullum kuna yi: ba a wanke allo sai yaro ya biya daidai, kuma kowa da tafiyarsa, mai babbaƙu yana gefen mai farfaru ba wanda ke jiran wani. Abin da ke ɓata wannan shi ne gaggawar sauka.

Na gani a gidanmu. Ɗan yayata ya yi sauka, aka yi wa allonsa zayyana, aka yanka rago. Bayan wata biyu na buɗe masa tsakiyar Suratul Kahfi, ya ɗora yatsa a kan layin farko ya yi shiru, sai hawaye. Ba laifinsa ba ne. Mu muka matsa wa malaminsa, shi kuma ya ji nauyinmu.

Idan uba ya zo, ku zaunar da shi a buzu, ku buɗe shafin da yaron bai yi tsammani ba. Ku sa shi tilawar abin da ya wanke bara. Ku miƙa masa alƙalami da tawada, ku yi masa shifta. In ya kasa, ku mai da shi baya, ko da ran uban zai ɓaci.

Sannan ku ma ku tambayi uban. Yaron da ke bin shi noman rani a bakin madatsar Zobe, yana iya lissafa kuɗin kwandon tumatir bakwai? Yana karanta saƙon waya? In amsar a'a ce, ku taimaka a nemo mai koya masa tsakanin Azahar da La'asar, ko ranakun Alhamis da Juma'a da kuke hutu.