NAZARI: Wa zai kara da wa? Darasin tsallen ƙanƙara ga yaran Nguru da Gashuwa

A Nguru da Gashuwa, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ƙanƙarar da aka sani ita ce wadda ake fasawa a sayar domin sanyaya ruwan sha. Saboda haka wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda ɗan wasa kan yi tsalle ya juya a sama kafin ya dira da ƙafa ɗaya, zai yi wa mutanen yankin kama da labarin wata duniya.

Sai dai muhawarar da ta girgiza wannan wasa a 'yan shekarun nan ita ce ke jiran Hukumar Wasanni ta Ƙasa a yau. Wa ya kamata ya kara da wa? Kuma yaro zai kai shekara nawa kafin a ɗora wa jikinsa abu mai wuya domin neman lambar yabo?

Yadda ake sa wa tsalle farashi

Tsalle iri shida ne a wasan, kuma kowanne yana da makin da aka yanka masa tun kafin a shiga fage. An koma wannan tsari ne a 2004, bayan badaƙalar alƙalanci da ta ɓata gasar Olamfik ta 2002 a birnin Salt Lake na Amurka. Mafi wuya shi ne Aksel, wanda ya samo suna daga Axel Paulsen, ɗan ƙasar Norway. Shi kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, don haka yana da ƙarin rabin juyi. Aksel mai juyi biyu maki 3.3 ne, mai juyi uku maki 8, mai juyi huɗu kuwa maki 12.5. Ba a taɓa dirar da na ƙarshen a gasa ba sai a Satumba 2022, lokacin da Ilia Malinin na Amurka ya yi shi yana da shekara 17.

Da zarar an sa wa wahala farashi, masu horarwa za su bi inda riba take. Jikin yarinyar da ba ta gama girma ba ya fi saurin juyawa a sama, sai aka wayi gari 'yan shekara 15 suna kwashe lambobin manya, da dama kuma su ɓace daga fage cikin shekara biyu ko uku, wasu da raunin ƙugu ko na baya.

Tura ta kai bango a gasar Beijing ta 2022, inda Kamila Valieva ta Rasha, mai shekara 15, ta shiga fage bayan an gano haramtaccen magani a gwajinta. A Yuni na shekarar, Ƙungiyar Zamiyar Ƙanƙara ta Duniya, ISU, ta zauna a Phuket ta ƙasar Tailan, ta ɗaga shekarun shiga ajin manya da ƙuri'a 100 a kan 16: shekara 16 daga kakar 2023, shekara 17 daga kakar 2024.

Tsani biyu ake hawa

Abin lura ga masu rubuta ƙa'idoji a Abuja shi ne, wasan bai tsaya kan shekaru kaɗai ba. Akwai tsanin shekaru, akwai kuma tsanin gwaninta. Ba a shiga gasar duniya sai an cika wani mafi ƙarancin maki a gasannin baya. A wasu sassan gasa kuma akwai tsallen da aka haramta ko da ɗan wasa ya iya shi.

Haka abin yake ga magidanta. A gasar da ake yi a garin Oberstdorf na Jamus tun 2005, an raba masu shekara 28 zuwa sama rukuni-rukuni, sannan aka sake raba su bisa iyawa. A matakin tagulla ba a yarda da Aksel ba sam, a matakin azurfa an yarda da mai juyi ɗaya. Wanda ya wuce iyakar matakinsa bai ƙaru da komai ba, domin ba za a ƙirga masa ba.

Labarin Alysa Liu ta Amurka ya nuna cewa jinkiri ba asara ba ne. Ta zama zakarar ƙasarta tana da shekara 13, ta ajiye wasa tana da 16, ta dawo ta ci gasar duniya a Boston cikin 2025 tana da 19, ba tare da tsallen mai juyi huɗu ba.

A nan gida, ƙaryar ta juya baya

A ƙanƙara da wasan alkafura, ƙuruciya ce riba, don haka mai maguɗi ƙara wa yaro shekaru yake yi. Abin da ya sa aka ƙwace wa China lambar tagulla ta gasar Sydney ta 2000 ke nan, bayan an tabbatar a 2010 cewa ɗaya daga cikin 'yan alkafurarta shekararta 14 a lokacin. A ƙwallon ƙafa da kokawa da dambe kuwa, girma ne riba, sai a rage wa ƙato shekaru.

Nijeriya ta daɗe tana biyan kuɗin wannan ɗabi'a. A 1989 FIFA ta dakatar da ita daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwa, ta kuma rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2016 'yan wasa 26 na Golden Eaglets suka faɗi gwajin ƙashin wuyan hannu gab da karawa da Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da Nijeriya.

Wannan gwaji na na'urar MRI an gina shi ne kan iyakar shekara 17 a tsakanin samari. Ba zai warware wa Gasar Matasa ta Ƙasa matsalarta ba, wadda ta 'yan shekara 15 zuwa ƙasa ce, maza da mata. Abin da ya rage shi ne takarda, alhali binciken MICS na 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a faɗin ƙasar nan.

Fagen gargajiya na da nasa ma'auni

Yankin Nguru da Gashuwa ba baƙon gasa ba ne. Bayan girbi ana buɗe fagen kokawa a garuruwa da ƙauyuka, yara na yin langa da dare, ga kuma masu iyo da tseren kwalekwale a bikin kamun kifi na Masarautar Bade a Gogaram. A waɗannan fagage yara ne ke share fage da sa'o'insu, kuma dattawa ba sa barin a haɗa ɗan ƙarami da wanda ya fi ƙarfinsa, domin sun san shekarar da aka haifi kowa, sun san wanda ya kayar bara.

Wannan ma'auni na ido da sani ne, kuma ba ya shiga mota. Ranar da aka ɗauki yaro daga Gashuwa zuwa Damaturu, daga can zuwa Asaba inda aka yi gasannin matasa tun daga 2023, babu dattijon da zai ce wannan ba sa'ansa ba ne. Yaron da da gaske shekararsa 14 shi ne zai sha kaye, ko kuma a bar shi a gida a tafi da yayansa da sunansa.

Hukumar da Shugaba Bola Tinubu ya miƙa wa harkar wasanni a Oktoba 2024, ƙarƙashin Shehu Dikko, ta nuna tana son ɗaga matasa da wuri. A Bikin Wasanni na Ƙasa da aka yi a Jihar Ogun cikin Mayu 2025, an gayyaci ƙananan 'yan wasa suka shiga a matsayin tawaga ta 38, suka fafata da manya. Dabarar na da hujja, domin mai tsere ko iyo da agogo yake karawa, kuma zama da manya na ƙara masa gogewa. Amma a wasan da jiki ke haɗuwa da jiki, lissafin daban ne. Ko gasar kokawar ECOWAS da Abuja ta karɓa a Maris 2025, ta manya ce zalla, duk da haka sai da aka raba su bisa nauyi.

Abin da ke hannun masu riƙe da fayil

Na farko, a buɗe wa yaro katin wasa tun daga firamare, a ɗaure shi da takardar Hukumar Ƙidaya da lambar NIN. Shekarun da aka rubuta lokacin da babu lambar yabo a gaba sun fi kusa da gaskiya.

Na biyu, ƙa'idojin kokawa da dambe da langa na yara su fayyace dabarun da aka haramta a kowane mataki, kamar ɗaga abokin karawa a doka shi da ka, kuma duk wanda ya yi su kada a ba shi nasara. Haramci ba ya tasiri muddin yana kawo maki.

Na uku, hawa mataki ya zama sai da shaidar iyawa a rubuce, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha. Na huɗu, a daina auna jihohi da yawan zinare a gasar yara kaɗai. A duba nawa ne daga cikin zakarun bana suke fage bayan shekara biyar.

Su ma ma'aikatan da ke shiga wasannin FEPSGA suna da rabo a wannan tambaya. Darakta mai shekara 55 da sabon ma'aikaci mai shekara 28 dukansu manya ne a takarda, amma gwiwoyinsu ba ɗaya ba ne.

Masu zamiyar ƙanƙara sai da suka ga yarinya tana kuka a gaban kyamarorin duniya kafin suka gyara dokarsu. Yaron da zai karye a wani fage a arewacin Yobe babu kyamarar da za ta ɗauke shi, kuma ƙa'idar da za ta kare shi a ofisoshin Abuja za a rubuta ta.