FILIN LAMBUN GIDA: Dashen Kaktus, Ruwa Ne Makashinsa

A wannan wata za mu duba doguwar shukar nan mai ƙaya, marar ganye, wadda ake kira kaktus. Irin da ke miƙewa sama kamar ginshiƙi, wato Siriyus, asalinsa daga Kudancin Amurka ne, kuma yakan haura mita 5.

Da farko kada mu haɗa shi da ƙerana, wadda ake shinge da ita a tsaunukan Jos da na Mandara. Sun yi kama, amma danginsu daban. A ɗan tsaga jikin: in farin ruwa kamar nono ya fito, ƙerana ce. Wannan nonon yana ƙona fata, in kuwa ya shiga idon yaro sai a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a garzaya asibiti. Gida mai ƙananan yara, a ganinmu, ba wurin ƙerana ba ne.

To, sai dashe. Da rani, a sa wuƙa mai kaifi da tsabta a yanko reshe mai tsawon kamar santimita 40. A naɗe shi da tsohon buhu saboda ƙaya, a kuma yi wa gindin alama, domin in aka dasa shi kai ƙasa ba zai kama ba.

Nan ne yawancinmu ke kuskure. Mun saba da rogo da rake, a yanka yau a binne yau. Kaktus ba haka yake ba. Jikinsa tulu ne cike da ruwa, ɗanyen rauni kuwa in ya taɓa damshi sai ruɓa ta kama shi daga ƙasa. A jingine reshen a inuwa mai iska mako 2 zuwa 3, har bakin yankan ya bushe ya yi tauri. Ba zai mutu ba.

Sannan a gauraya ƙasa da yashi rabi da rabi, a binne santimita 5 kawai, a tokare da sanda. Kada a ba shi ruwa sai bayan mako 2, shi ma kaɗan. Saiwa takan ɗauki wata guda ko fiye, saboda haka a bar tonowa ana dubawa.

'Yan'uwanmu na Tamale da Bolga ba su da damuwa sosai. Mu na Kumasi, inda ruwan sama ke yawa, sai mun yi masa tudu ko tukunya mai huji a ƙasa. A nisanta shi da wayar lantarki da hanyar wucewar yara. In ya girma yakan yi farin fure babba, wanda ke buɗewa da dare ya yanƙwane da safe.