Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Maganin Gargajiya a Kan Ciwon Ƙoda na Gado

Iyayenmu masu magani,

Ku ne na farko da mutum yake zuwa wurinsu idan kwiɓinsa ya yi nauyi, ko ya ga jini a fitsarinsa. Shi ya sa na rubuto muku.

Akwai ciwon ƙoda da ake gadonsa. Ƙananan jakunkuna masu ruwa ne suke tsirowa a cikin ƙodar, su yi ta girma har su danne naman da ke tace jini. Idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira, kuma kusan rabin masu shi ƙodarsu kan gaza kafin shekara 60. Babu saiwa ko sassaƙen da aka tabbatar yana narkar da jakunkunan nan. Don Allah a daina yi wa marasa lafiya wannan alkawari.

Abin da ya fi damuna shi ne jiƙon da ake zuba wa jar kanwa. Hawan jini ne ke gaggauta lalacewar ƙodar, kanwa kuwa gishiri ce. Ganye ma yana iya cutar da ƙoda: a Beljiyam, a shekarun 1990, wani ganyen rage ƙiba ya kai mata da dama ga wankin ƙoda. Zoɓo yana ɗan sauke jini, gaskiya ne, amma ba ya maye gurbin maganin likita.

Ku tambayi mai ciwon ko akwai wanda ƙoda ta kashe a gidansu. In ya ce akwai, ku tura shi asibiti a yi masa hoton ciki, a auna jininsa, tare da 'yan'uwansa.